Jirgin Da Bai Iso Kaduna Ba

'Yan'uwa matasa, a shekarar 1992 yawancinku ba a haife ku ba, shi ya sa in aka ce Ejigbo sai ku ɗauka sunan wata unguwa ce kawai a Legas. Amma akwai gidaje a ƙasar nan da har yau in an ambaci wannan suna sai ɗaki ya yi tsit.

Ranar Asabar, 26 ga Satumba 1992, da yamma, jirgin sojan sama na Nijeriya samfurin Hercules C-130, mai lamba NAF 911, ya tashi daga filin jirgin sama na Ikeja zai nufi Kaduna. Mafi yawan waɗanda ke ciki ɗalibai ne na kwalejin horar da manyan hafsoshi ta Jaji, wadda ke kan hanyar Kaduna zuwa Zariya. Sun je Legas ziyarar karatu, suna komawa makaranta. Jirgin yana da inji huɗu. Bai jima da barin ƙasa ba inji ɗaya ya mutu, na biyu ya bi, sannan na uku. Cikin 'yan mintoci kaɗan ya faɗa cikin fadama a Ejigbo. Mutum kusan 160 ne a ciki, kuma babu wanda ya tsira. Irin wannan jirgi an ƙera shi ne domin ya ɗauki soja 92 a zaune. Wannan lissafi kaɗai ya isa mutum ya yi tagumi.

Wani zai ce ai ba a fagen daga suka mutu ba. Haka ne, amma ƙasarmu tana cikin yaƙi a lokacin. Tun watan Agusta 1990 sojojinmu suke Laberiya a ƙarƙashin rundunar ECOMOG, kuma irin waɗannan jirage ne ke jigilar sojoji da kaya zuwa can. Ko mako uku ba a yi da haɗarin ba, ranar 15 ga Oktoba, mayaƙan Charles Taylor suka kai wa Monrobiya babban hari. Wato a daidai lokacin da ake matuƙar bukatar ƙwararrun hafsoshi, sai ga aji guda ya tafi a yammaci ɗaya.

Mu ɗan tsaya a kan su waye su. Galibinsu masu muƙamin manjo ne, da takwarorinsu na sojan ruwa da na sama. Manjo ba tsoho ba ne. Mutum ne mai shekara talatin da 'yan kai, ya yi fiye da shekara goma a bakin aiki, yana da mata mai ƙuruciya da yara a firamare, watakila da jariri a goye. A gidaje da yawa irin wannan ɗa shi ne wanda aka sayar da amfanin gona aka tura makaranta, shi ke biyan kuɗin karatun ƙanne, shi ake jira a Kirsimati ko a Sallah. Akwai kuma hafsoshi baƙi daga Gana, Tanzaniya, Yuganda da Zimbabuwe, waɗanda ƙasashensu suka turo karatu Jaji, suka mutu nesa da gida.

Washegari Lahadi ce. Muna yawan tunanin wannan. An buga ƙararrawa, an yi waƙoƙi, an karɓi baiko a majami'u kamar kullum, alhali a Ejigbo ana fama da laka da ruwa, ana neman hanyar kai wa ga jirgin. An kwashe kwanaki ana ciro gawawwaki. Daga baya aka yi musu jana'izar ƙasa a makabartar sojoji a Abuja.

Akwai wani abu kuma da bai kamata mu tsallake ba. A cikin wannan shekara ta 1992, a watan Mayu, rikicin Zangon Kataf ya bazu har cikin Kaduna da Zariya, maƙwabci ya ɗauki makami a kan maƙwabci. Wata huɗu bayan haka, Kirista da Musulmi, ɗan Arewa da ɗan Kudu, suka zauna kafaɗa da kafaɗa a cikin jirgi ɗaya, suka kwanta cikin laka ɗaya. Matansu suka yi kuka iri ɗaya a bariki ɗaya. Duk wanda zai tuna da su ta hanyar ƙirga namu nawa ne, nasu nawa ne, bai fahimci abin da ya faru a fadamar nan ba.

Jita-jita ma ta yi yawo, har yau ba ta kwanta ba. Zamanin mulkin soja ne na Janar Ibrahim Babangida, shekara biyu bayan yunƙurin juyin mulkin Manjo Gideon Orkar na Afrilu 1990 da harbe-harben da suka biyo baya, don haka zukata cike suke da zargi. Mu dai a matsayinmu na masu bi, an hana mu shaidar zur, ko a kan mai mulki ne. Abin da ke a fili ya ishe mu nauyi: injuna sun mutu, jirgi ya cika maƙil, agaji ya yi jinkiri. Waɗannan abubuwa ne da ke hannun mutane. Ba daidai ba ne mu rufe su da cewa kwana ne ya ƙare. Allah ne mai rai da mutuwa, ba mu musa ba, amma shi ne kuma ya umarci Isra'ilawa a Maimaitawar Shari'a sura 22 su kewaye rufin soro da ɗan bango domin kada wani ya faɗo, alhakin jininsa ya hau kan mai gida. Wanda ke kula da injin jirgi da wanda ke sa hannu a takardar fasinja, aikin Allah ne a hannunsu, ko sun sani ko ba su sani ba.

To yaya Littafi Mai Tsarki yake tunawa da sojan da ya faɗi? A Sama'ila ta Biyu sura 1, da labarin Dutsen Gilbowa ya iso wa Dawuda, ya yi makoki domin Saul da Jonatan. Jonatan amininsa ne, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma Saul ya sha farautar ransa, duk da haka ya sa shi cikin makokin. Bai kuma tsaya nan ba, ya ba da umarni a koya wa mutanen Yahuza waƙar. Dawuda ya san hawaye na bushewa, abin da aka koya wa yara shi ke daɗewa. Daga baya, a sura 9, ya sa aka nemo Mefiboshet, gurgun ɗan Jonatan, ya mayar masa da gonakin kakansa, ya zaunar da shi a teburinsa. Waƙa ta zo da fari, gona da abinci suka biyo.

A nan ne labarin Ejigbo ya fi ciwo. A lokacin makoki an yi wa iyalan alkawura. Shekaru da yawa bayan haka, jaridu suna ta ɗauko koken matan nan a kan haƙƙoƙin da ba su samu ba. Gidan bariki kuwa na mai aiki ne. In maigida ya rasu, ba da daɗewa ba iyali za su tattara kaya. Kafin mu nuna gwamnati da yatsa, mu tuna ikilisiyar farko ma ta yi wannan tuntuɓe. A Ayyukan Manzanni sura 6 an yi gunaguni cewa ana mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a ci gaba da addu'a kawai ba. Sun sa aka zaɓi mutum bakwai, aka san sunan kowanne, aka ɗora musu aikin.

Yaran da aka bari a goye a 1992 yanzu sun haura shekara talatin, sun kai shekarun da ubanninsu suka mutu. A bayansu kuma akwai sababbin marayu, na sojojin da suka faɗi a Borno da Yobe da dazuzzukan Zamfara. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja ana sakin tantabaru, amma kuɗin makaranta a watan Satumba ake nemansa. Muna roƙon shugabannin zumuntar matasa su zauna da zumuntar mata kafin 26 ga Satumba mai zuwa, su rubuta gidajen sojoji da 'yan sanda da suka rasa maigida a unguwanninmu, na cikin ikilisiya da na maƙwabta, su kawo wa dattawa takardar tare da sunan wanda zai riƙa ziyartar kowane gida.