Ɗaki Ma Kayan Kiɗa Ne: Tarihin Gyaran Amo a Ɗakin Ɗaukar Waƙa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar muryar mawaƙi da rikoda a ɗakin siminti, sa'an nan ya koma ya saurara, ya san abin da zan yi magana a kai. Mawaƙin ga zaƙin murya, rikodar kuma sabuwa ful, amma abin da ya fito kamar a cikin randa aka rera shi. Sai a ɗora wa na'ura laifi, alhali kuwa laifin na ɗaki ne. A wannan ɗan rubutu ina so in bi sawun yadda aka gane haka, musamman a wajen waɗanda suka mai da ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidajensu wurin ɗaukar waƙa a Amurka da Turai. Abin ya shafe mu, domin mu masu nazarin waƙar baka da abin da aka ɗauka muke aiki, kuma baitin da amsa-kuwwa ta cinye ya tafi ke nan.

Tushen maganar yana Jami'ar Harvard ta Amurka. A shekarar 1895 aka buɗe sabon ɗakin lacca a gidan ajiye kayan zane na Fogg. Gini ya yi kyau, amma ba a jin malami, don in ya furta kalma amonta kan yi fiye da sakan biyar yana yawo, har ya cakuɗe da kalmomin da suka biyo baya. Aka ɗora wa wani malamin kimiyya wanda bai kai shekara 30 ba, mai suna Wallace Sabine, aikin gyara. Kayan aikinsa bututun busa irin na molon coci, da agogon auna sakan, da kunnensa. Sai dare ya raba, gari ya yi tsit, shi da mataimakansa su kwaso matasan kujeru daga babban zauren Sanders na jami'ar, su shimfiɗa, a busa bututu, a auna tsawon lokacin da amo ya ɗauka kafin ya mutu, a ƙara matasai, a sake aunawa, sa'an nan a mayar da kayan mutane kafin gari ya waye.

Wajen 1898 ya gano ƙa'idar da ake amfani da ita har yau, wato gwargwadon girman ɗaki gwargwadon daɗewar amo a cikinsa, gwargwadon yawan abin da ke shanye amo kuwa gwargwadon saurin mutuwarsa. Ma'aunin da ya ɗauka shi ne buɗaɗɗiyar taga, tun da abin da ya fita ta nan ba ya dawowa. Da wannan lissafi aka tsara zauren kiɗa na birnin Boston da aka buɗe a 1900, wanda har gobe ake sa shi cikin mafiya daɗin sauraro a duniya.

To, amma Sabine da manyan zauruka ya yi fama. Ƙaramin ɗaki yana da nasa ciwon, na ƙarƙashin ƙasa kuwa ya fi kowanne. Alherinsa shi ne ƙasar da ta kewaye shi tana tare hayaniyar titi. Sharrinsa kuma rufi gajere ne, bangaye na kankare suna fuskantar juna, ga danshi, ga ƙarancin iska. Amo yana gudun mita 343 a sakan. In tsakanin daɓe da rufi mita 2.4 ne, to amo mai kauri da ke karkarwa kamar sau 71 a sakan zai riƙa kai da komowa yana hawa kan kansa, sai ka ji ya cika kunne a kusa da daɓe ko rufi, a tsakiya kuma ya ɓace. Tsawon igiyar irin wannan amo ya kusa mita biyar, saboda haka darduma ko labule ba abin da za su yi masa.

Misalai biyu za su nuna bambancin wanda ya tsara da wanda ya faɗa kawai. A 1959 Berry Gordy ya sayi wani gida a birnin Detroit, ya zauna da iyalinsa a sama, ya mai da tsohon ɗakin ɗaukar hoto da ke baya wurin ɗaukar waƙar kamfaninsa na Motown. Ɗakin ƙarami ne, wayoyin makirfo na reto daga rufi har makaɗa suka sa masa suna ramin macizai. Dabarar da suka yi ita ce raba aiki: a ɗauki kiɗa a ƙasa, in kuma ana son amsa-kuwwa sai a tura muryar ta lasifika zuwa wani ɗaki mai sulɓin bango da suka gyara a can ƙarƙashin jinka, a sake kama ta da makirfo, a zuba gwargwadon bukata. Daga wannan ɗan ɗaki aka yi ta fitar da fayafayan da suka zaga duniya, har kamfanin ya koma Los Angeles a 1972.

Na biyun kuwa makaɗan Ingila ne da ake kira Rolling Stones. A 1971 suka taru a wani gida mai suna Nellcôte a kudancin Faransa, suka shiga ɗaukar waƙa a ƙarƙashinsa. Wurin a yanke yake ƙananan ɗakuna, makaɗa a warwatse ba mai ganin wani, na'urorin ɗauka suna cikin mota a waje, zafi da danshi kuma suna ta kwance tsirkiyar jita. Faifan ya fito a 1972 ya kuma yi suna, amma sai da aka kai shi Los Angeles aka ƙarasa aikin. Ni a ganina gwanintar makaɗan ce ta fid da su.

Daga 1979, lokacin da kamfanin TEAC na Japan ya fitar da Portastudio mai ɗaukar layi huɗu a kaset, sai abin ya sauko hannun talaka, kwamfuta kuma ta zo ta ƙarasa. Na'ura ta yi araha, amma bango yana nan yadda Sabine ya bar shi. Abin da masu sana'ar suka tattara a tsawon waɗannan shekaru bai da yawa. Da farko a rarrabe tare amo da shanye amo. Tarewa, don kada maƙwabci ya ji, sai da nauyi da toshe kowace kafa, wani lokaci har a gina ɗaki a cikin ɗaki. Shanyewa kuwa aikin abu mai laushi da kauri ne, kamar audugar gilashi. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tare komai, abin da yake shanyewa ma kaɗan ne. Sai zama: tebur ya fuskanci gajeren bango, ratar dama da ta hagu su zo daidai, tazarar lasifikokin biyu ta yi daidai da tazarar kowacce zuwa kan mai sauraro, kuma kada a zauna a tsakiyar ɗaki cif. Mafi kaurin kayan shanyewa a kusurwoyi za a sa, don nan amo mai kauri ke taruwa. Sa'an nan wani ya bi bango da madubi, duk inda na zaune ya hango lasifika a ciki, nan amo ke fara dukan bango ya dawo, nan za a lulluɓe. Kada kuma a lulluɓe ko'ina, don ɗakin da ya mutu murus yana gajiyar da mawaƙi. A bar wa iska hanya, a kuma magance danshi tun kafin a shigo da kaya.

Gidajenmu ba su cika samun ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba, amma shagon bulo da siminti mai rufin kwano ciwonsu ɗaya. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai da malamaina, kafin mu kira mawaƙi mu kunna na'ura, mu shiga ɗakin mu tafa hannu mu saurari abin da zai dawo, mu auna tsawo da faɗi, mu zana tsarin a takarda. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane.