Ƙararrawar Janiba da zurfin tafkin Lagdo

A wani dare na shekarar 1826, masana kimiyya Daniel Colladon da Charles Sturm suka raba kwale-kwale biyu a tafkin Janiba na ƙasar Suwizalan, tsakaninsu fiye da kilomita 13. A ɗaya aka buga ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa, aka kunna albarushi a lokaci guda. Colladon na can ɗaya gefen, kunnensa a bakin wani dogon bututu da ya zura cikin ruwa. Da ya hango walƙiyar albarushin sai ya fara ƙirga. Bayan daƙiƙa 9 da 'yan kai, ƙarar ta iso. Lissafi ya ba su mita 1,435 a daƙiƙa, a ruwa mai sanyin digiri 8.

Sanyin nan ne asirin. Ruwa na ɗumi, sauti na ƙara sauri, kusan mita 4 a daƙiƙa kan kowane digiri a teku. A 1979 masana teku Walter Munk da Carl Wunsch suka juya lissafin: idan ka san nisa, ka auna lokacin isowar sauti, to ka san ɗumin ruwan da ya ratsa. A tafiyar kilomita 1,000, ƙarin digiri ɗaya kan rage kusan daƙiƙa 2. Don gwada wannan dabara, a Janairun 1991 aka saki sauti daga kusa da tsibirin Heard a kudancin tekun Indiya, aka ji shi har gaɓar Amurka ta gabas da ta yamma.

Wannan ilimi ya shafe mu. Madatsar Lagdo, wadda 'yan China suka gina a kan kogin Binuwai kudu da Garwa, aka kammala a 1982, kogin yana zuba mata laka kowace damina. Sanin ruwan da za ta iya riƙewa sai an auna zurfinta, kuma na'urar awon tana aika sauti ƙasa ne ta jira amsa-kuwwa. Wanda ya saita ta da ruwan hunturu ya shiga aiki da bazara, in bambancin ya kai digiri 5, zai yi kuskuren kusan santimita 20 a zurfin mita 20. Da gani kamar ba komai, amma tafkin ya doshi murabba'in kilomita 600. Mutanen Yola da Makurɗi da Lokoja da ke ƙasan madatsar, waɗanda ambaliyar 2012 da ta 2022 suka cinye wa gidaje da gonaki, sun cancanci a yi wannan awo daidai, a kuma sanar da su sakamakonsa kafin a buɗe ƙofofin madatsar.