Masara Tsakanin Takin Gargajiya da Takin Zamani

A zamanin kakanninmu masara ba ta cikin manyan amfanin gona a ƙasar Hausa. Gero da dawa su ne abincin gida, ita kuwa masara a bayan gida ake shuka ta, inda toka da shara da kashin dabbobi suka taru. Dalili shi ne masara shuka ce mai yawan ci. Tana buƙatar sinadarin naitirojin fiye da gero, kuma in ta rasa shi sai ganyenta ya yi rawaya, zangarniyarta ta ƙanƙance.

Manoman dā sun san hanyoyin ciyar da ƙasa. A kewayen birnin Kano, da rani akan loda wa jakai shara da toka a mangala, a kai gonaki. Wasu kuma sukan yi yarjejeniya da Fulani makiyaya su sauka da garkensu a gona bayan kaka, shanu su ci kara su bar taki. Sai dai wannan taki bai isa ya wadatar da manyan gonakin masara ba, domin naitirojin da ke cikinsa kaɗan ne, kuma a hankali yake sakinsa.

Sauyi ya faro ne daga Jamus. A shekarar 1909 Fritz Haber ya nuna yadda za a kamo naitirojin daga iska, a 1913 kuma aka buɗe masana'antar farko a Oppau bisa aikin Carl Bosch. Daga nan takin zamani ya bazu a duniya, ciki har da yuriya, wadda kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne. A arewacin Najeriya ya yi ƙarfi ne daga shekarun 1970, lokacin da aka fara ayyukan raya noma na Funtuwa da Gusau da Gombe, gwamnati ta sa rangwame a farashin taki, aka kuma samu ingantaccen iri daga cibiyar IITA da ke Ibadan. Nan da nan masara ta bar bayan gida ta mamaye gonaki.

Amma tun kafin wannan lokaci masu bincike a Samaru ta Zariya sun fara gwajin da ya bayyana iyakar takin zamani. A 1950 suka ware filaye, wasu ana zuba musu kashin shanu, wasu takin zamani, wasu duka biyun, shekara bayan shekara. Sakamakon ya nuna cewa filin da aka dogara da takin naitirojin shi kaɗai ƙasarsa takan yi tsami, ƙarfinta ya ragu, alhali filin da aka haɗa masa biyun yakan riƙe albarkarsa. Takin zamani yana ciyar da shuka nan take. Na gargajiya kuma yana gyara jikin ƙasa, ya sa ta riƙe ruwa, ya rage yawan sinadarin da ruwan sama ke wankewa.

Manoma sun ji wannan darasi a jikinsu bayan 1986, da tsarin gyaran tattalin arziki ya zo, darajar naira ta faɗi, buhun taki ya yi tsada. Waɗanda suka yi watsi da juji suka koma nemansa. A 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja, suka ƙudura ɗaga amfani da taki daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta, tare da jaddada kula da lafiyar ƙasa.

Abin da masana ke ba da shawara a yau ya yi kusa da abin da tarihin ya koyar: a watsa takin gargajiya kafin huɗa, sannan a ba masara takin zamani sau biyu, bayan tsiro da kuma kafin ta fitar da bunu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, haka ma taki iri ɗaya ba ya riƙe gonar masara.