Gawa Mai Tafiya: Daga Gonakin Rake Zuwa Gidan Kallo

Wani dare bayan sallar isha'i, a wani gidan kallo na Sanyinna cikin ƙasar Tambuwal, inda aka jera bencina ƙarƙashin rumfar kwano, janareto yana ta ruri a bayan zana, na tarar da samari sun zuba ido ga wani fim na Indiya da aka yi wa fassara, wanda a cikinsa matattu ke tashi suna bin rayayyu da cizo, suna jan ƙafa kamar masu ciwon sanyi. Yaron da ya rufe fuska da hularsa don firgita, shi ne kuma ya fi kowa ƙyalƙyala dariya jim kaɗan. Wani dattijo mai sayar da rake a bakin ƙofa ya leƙa, ya ce, "Kai samari, wanga dodon naku ko tsohuwa tana tsere mai."

Da dattijon ya san asalin dodon nan, la'alla da ya sake duban raken da ke hannunsa. Zombi, kamar yadda ake kiransa, a tsibirin Haiti aka haife shi, inda Faransawa suka tara bayin da aka kwaso daga Afirka suna noma musu rake cikin azaba, har suka yi tawaye suka karɓi 'yancinsu a 1804, shekarar da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu. Bayin nan suna da i'itiƙadin cewa mutuwa ita ce hutunsu, gama ruhi zai koma ƙasar kakanni. Saboda haka babu musibar da ta fi a ce wani boka ya kama kurwar mutum, kamar yadda muke faɗa game da maye, ya tono gawarsa ya mai da ita gona tana aiki ba lada, ba magana, ba hankali, sai fa in ta ɗanɗani gishiri ta tuna kabarinta. Tsoron bawa ke nan, wanda ko lahira bai amince za a ƙyale shi ba.

Sa'ad da sojojin Amurka suka mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, hikayar ta ƙetare teku. William Seabrook ya rubuta ta a littafinsa na 1929, aka yi fim ɗin White Zombie a 1932, kuma ba a shekara goma ba 'yan barkwanci suka shiga, irin su Bob Hope a The Ghost Breakers na 1940. Rahar wancan zamani, a gaskiya, mai arha ce, yawancinta a kan baƙin bara mai zare ido don tsoro aka gina ta.

George Romero ne ya sake wa al'amarin kama a 1968, da Night of the Living Dead, wanda ya shirya kusa da birnin Pittsburgh da kuɗi ƙalilan. Ya kawar da boka, ya mai da abin annoba: wanda aka ciza ya mutu, wanda ya mutu ya tashi ya ciji wani. Shi kansa bai ce musu zombi ba. Ya ara musu sunan gul, wato aljanin maƙabarta na hikayoyin Larabawa. Bayan shekara goma, a wani fim ɗin, ya cika wani katafaren kanti da matattu suna zagaya kaya kamar yadda suka saba da ransu, kuma daga nan aka gane cewa abin dariyar yana wajen rayayyu.

A kan wannan ƙa'ida magada suka yi gini, kuma mafi gwaninta a wurina shi ne Shaun of the Dead na Edgar Wright, a Ingila, 2004. Gogan naka ya fita da safe sayen abin sha, ya ratsa unguwar da matattu suka cika, alhali bai lura ba, domin shi ma da ransa haka yake tafiya. Amma da mahaifiyarsa ta kamu, har ta kai shi ga ɗaga bindiga a kanta, fim ɗin bai yi wasa da wurin ba ko kaɗan. Da ya yi, da dariyar baya duka ta salwanta. Indiya ta bi sahu a 2013 da Go Goa Gone, na Saif Ali Khan.

Mu dai wannan gauraye na tsoro da dariya ba baƙonmu ba ne. Dodon tatsuniya yana haɗiye mutane da gaske, kuma saboda haka ne wayon Gizo ke ba yara dariya. Haka 'yan tashe ke shafa gawayi su razana ƙanana su nishaɗantar da manya. Sai dai gawa a wurinmu tana da hurumi: a wanke ta, a yi mata sutura, a sallace ta, a kai ta makwancinta kafin rana ta juya, kuma tashinta sai ranar alƙiyama. Shi ya sa, a ganina, 'yan wasanmu na Kano, har marigayi Rabilu Musa Ibro da ya rasu a 2014, suka fi samun sarari da boka da aljani da fatalwa. Matattun da ke yawo a gidan kallo na Sanyinna duk baƙi ne, Hausa kawai aka sa wa masu gudunsu a baki.