Tokusatsu: Jaruman talabijin na Japan da muhawarar masoyansu

Tokusatsu suna ne da Japanawa suka laƙaba wa fina-finai da shirye-shiryen talabijin waɗanda mutane na zahiri ke fitowa a cikinsu sanye da kayan jarumai ko na dodanni, ana haɗawa da dabarun ɗaukar hoto da ƙananan gine-ginen kwaikwayo. Ma'anar kalmar ita ce "ɗaukar hoto na musamman". Fim ɗin Godzilla na 1954, wanda Eiji Tsuburaya ya tsara dabarunsa, shi ne ya kafa tubalin wannan fanni, kafin jarumin talabijin na farko, Gekko Kamen, ya bayyana a 1958.

Gidaje uku ne suka mamaye fagen. Ultraman ya fara a 1966, ƙato ne daga wata duniya wanda ba ya iya daɗewa a doron ƙasa fiye da kimanin minti uku. Kamen Rider, wanda mai zane Shotaro Ishinomori ya ƙirƙira wa kamfanin Toei, ya biyo baya a 1971. Sai Super Sentai, tawagar jarumai masu kaya kala-kala, da ta soma da Gorenger a 1975.

Tarihin Kamen Rider ya ƙunshi wani hatsari da masoya ba sa gajiya da ambata. Jarumin farko, Hiroshi Fujioka, ya karye a ƙafa a kan babur ana tsakiyar ɗaukar shirin. Maimakon a rufe shirin, sai aka shigo da Takeshi Sasaki a matsayin Rider na biyu, kuma a zamaninsa ne aka fito da salon nan na kaɗa hannu tare da kiran "henshin", wato rikiɗa, wanda ya zama tambarin shirin har yau.

Wanda ya taso yana kallon Power Rangers ya kalli tokusatsu ko da bai sani ba. A 1993 Haim Saban ya ɗauki hotunan faɗa na shirin Zyuranger na 1992, ya haɗa su da sababbin 'yan wasa na Amurka. A nan ne ɗaya daga tsofaffin gardama ta samo asali: jarumi mai rawayar riga namiji ne a Japan, amma a Amurka aka mayar da shi mace, shi ya sa rigarta ba ta da siket irin na mai ruwan hoda. Masu kishin asali suna ganin an raunana labarin. Wasu kuma suna cewa ba don Saban ba, da duniya ba ta san da shi ba.

Sauran muhawarar ta zamani ce. Masoya kan raba Kamen Rider bisa zamanin sarakunan Japan, Showa da Heisei da Reiwa. Kuuga na shekarar 2000, wanda Joe Odagiri ya jagoranta, ya kawo labari mai nauyi kuma ya jawo iyaye mata cikin masu kallo, abin da ya sauya yadda ake zaɓen 'yan wasa.

Batun da ya fi zafi shi ne kuɗi. Kamfanin Bandai ne ke ƙera ɗamaru da takubba da mutum-mutumin da yara ke gani a shirin, kuma kusan kowace shekara ake sauya jarumai da kayansu. Ƙorafin cewa kayan wasa ke juya akalar labari yana da tushe, sai dai masu yinsa kan manta cewa cinikin kayan ne ke riƙe da shirin da ake nunawa kowace Lahadi da safe a tashar TV Asahi. Darajar wannan kasuwa ta fito fili a 2018, lokacin da kamfanin Hasbro ya sayi Power Rangers da wasu kadarorin Saban a kan dala miliyan 522.