Sautin Nokia

Sautin Nokia ɗan gajeren kiɗa ne da kamfanin Nokia na ƙasar Finlan ya mayar da shi tambarinsa na ji da kunne. An ciro shi ne daga Gran Vals, kiɗan jita da Francisco Tárrega, ɗan ƙasar Sifen, ya tsara a 1902. Kamfanin ya sa shi cikin sautukan kira na wayar Nokia 2110 a 1994, daga baya kuma ya zama sautin da wayoyinsa ke zuwa da shi tun daga masana'anta.

Masu nazarin tallace-tallace kan kawo shi misalin yadda sauti ke tayar da kewar zamanin da ya wuce. Dalilin a fili yake: abin da kunne ya sha ji a lokacin ƙuruciya, ko lokacin wani sabon abu a rayuwa, yakan manne da abin da mutum ya ji a ransa a lokacin. A Najeriya, inda wayar salula ta GSM ta fara aiki a 2001, jin wannan kiɗa kan tuna wa mutane da yawa wayarsu ta farko, galibi Nokia 3310, mai shan faɗuwa ba ta fashe ba.

'Yan kasuwa kuwa ba su bar wannan kewa ta tafi a banza ba. A 2017 kamfanin HMD Global ya sake fito da 3310 a birnin Basalona, da wasan macijin da ke cikin tsohuwar wayar da kuma tsohon sautin.