Lewisham da Tsofaffin Faya-fayan Bidiyo

A kudu maso gabashin birnin Landan akwai wata gunduma da ake kira Lewisham, wadda ƙaramin kogin nan Ravensbourne ya ratsa ta kafin ya faɗa cikin kogin Thames a Deptford. Tana daga cikin wuraren da 'yan Nijeriya suka yawaita a Ingila. An yi zamanin da in mutum ya bi ta kantunan Deptford ko na maƙwabciyarta Peckham, zai tarar da fina-finan Nijeriya a kan faifai, ana sayarwa kusa da doya da manja. Wannan ciniki ya ja da baya tun da kallo ya koma intanet, amma faya-fayan da aka saya suna nan jibge cikin kwalaye, a Landan kamar yadda suke a Kano da Maraɗi. Duk wanda ya tashi sharar ɗaki sai ya tsaya ya yi tunani: shin akwai sauran amfani a jikin faifan da hotonsa ke fitowa dishi-dishi, a zamanin da talabijin ke nuna har gumin fuskar ɗan wasa? Tarihin wannan yanki na Landan yana da abin da zai ce game da haka.

A kan tudun Sydenham, daidai bakin iyakar Lewisham ta yau, akwai gidan da John Logie Baird ya koma a 1933. Shi Baird mutumin Sikotilan ne, kuma shi ne ya fara nuna talabijin mai aiki a gaban masana, a watan Janairu na 1926. Ma'aikatar kamfaninsa tana can kusa a Crystal Palace, har gobarar ranar 30 ga Nuwamba 1936 ta cinye ginin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tun kafin ya koma Sydenham ya riga ya yi faifan bidiyo na farko a duniya. A 1927 da 1928 ya mai da hoton talabijin ya zama wata irin ƙara, aka ɗauke ta a kan faifan garmaho irin wanda ake ɗaukar waƙa. Ya sa wa abin suna Phonovision.

In don kyan hoto ne, babu faifan da ya kai wannan muni. Layi 30 kacal ke haɗa hoton, kuma hotuna wajen huɗu ne ke wucewa cikin daƙiƙa guda. Shi kansa Baird bai taɓa iya nuna wa jama'a abin da ke cikin faya-fayan ba, don kuwa na'urorin lokacin ba su iya daidaita gudun faifai da na hoto yadda ya kamata. Aka ajiye su shekara fiye da hamsin ba wanda ya ga kome. Sai cikin shekarun 1980 wani injiniya mai suna Donald McLean ya shigar da ƙarar nan cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya yi ta gyara da haƙuri, har fuskoki suka fito: ga kan 'yar tsanar da Baird ke gwaji da ita, ga wani saurayi, ga wata mace tana juya kai. Daga baya, a 1996, ya farfaɗo da wani faifan gorar ruwa wanda wani mai sha'awa ya ɗauka a gidansa a watan Afrilu na 1933, sa'ad da BBC ke watsa wani shirin raye-raye. Ita BBC ba ta da hanyar ajiye shirinta na talabijin a wancan lokaci. Saboda haka wannan gurɓataccen faifai shi ne mafi tsufan shaidar da aka sani ta shirin talabijin da aka watsa. Da mai shi ya dubi ingancinsa ya jefar, da shi ke nan.

Labari na biyu ya fi ban mamaki, don a nan faifan ba shi da aibu ta wajen kyau. A 1086 Sarki William na Ingila ya sa aka ƙidaya mafi yawan ƙasarsa, gari-gari, da mutane da gonaki da abin da kowane wuri ke biya. Aka rubuta da Latin a kan fatar tumaki, littafin da ake kira Domesday. Lewisham tana ciki. A lokacin ƙauye ce a lardin Kent, a hannun shugaban wani gidan ibada na birnin Ghent, wanda yake cikin Beljiyam ta yau, an kuma rubuta cewa tana da injinan niƙa 11. Da littafin ya cika shekara 900, watau a 1986, sai BBC ta ƙudura yin sabon Domesday na zamani. Aka rarraba taswirar Biritaniya gida-gida, kowane gida kilomita 4 a kwance 3 a tsaye, aka roƙi makarantu su rubuta labarin inda suke zaune, su ɗauki hotuna. Mutum wajen miliyan ɗaya suka sa hannu, yawancinsu yara 'yan makaranta. Aka tara hotuna sama da dubu 20 da rubutu shafi kusan dubu 150, ban da taswirori da alƙaluman gwamnati, aka zuba su a manyan faya-fayai biyu masu faɗin santimita 30, irin waɗanda hasken lesa ke karantawa. Aikin ya ci fam miliyan biyu da rabi.

To amma faifan ba ya buɗuwa sai da wata na'ura ta musamman ta kamfanin Philips, haɗe da kwamfuta ƙirar Acorn, kuma kuɗin kayan ya kai wajen fam dubu biyar. Makarantun da yaransu suka yi aikin ma yawanci ba su iya saye ba. Kwata-kwata wajen dubu ɗaya aka sayar. Kafin shekara 16 ta cika, na'urorin sun mutu ɗaya bayan ɗaya, a 2002 jaridun Ingila suka yi ta shaguɓe cewa littafin fata mai shekara 900 yana nan a Kew kowa na iya karantawa, alhali ɗan autansa ya kurumce. Sai da masana na jami'ar Leeds da ta Michigan suka koya wa sabuwar kwamfuta kwaikwayon tsohuwar, wasu kuma suka koma ga kaset-kaset na asali da aka yi faifan daga gare su, sa'an nan aka tsamo kayan. A 2011 BBC ta sa wani sashe nasu a intanet, daga baya aka miƙa wa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. An dai tsira, amma da ƙyar, kuma don akwai hukumomi masu kuɗi da suka damu.

Yanzu a dawo kan kwalin da ke ƙarƙashin gado. Abin da ya fi yawa a cikinsa shi ne faifan VCD, wanda kowa ke kira sidi. Kamfanonin Philips da Sony da JVC da Matsushita suka tsara shi a 1993. Dabarar ita ce a matse fim ya shiga ƙaramin faifan da aka saba sa waƙa, kuma matsewar nan ita ta ci hoton. Ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye ke haɗa shi, watau kashi ɗaya cikin huɗu na abin da DVD ke nunawa, kuma kashi ɗaya cikin ashirin na hoton talabijin mai tsabta na yanzu. In 'yan rawa suka yi juyi da sauri sai a ga hoton ya farfashe ya zama ƙananan tubala. Minti 74 yake ɗauka, don haka dogon fim sai faifai biyu. Turai da Amurka ba su taɓa karɓarsa sosai ba. Suka zauna kan kaset har DVD ta fito a 1996 da 1997. Amma a Sin da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya ya samu karɓuwa ƙwarai, aka ƙera na'urorinsa miliyoyi a kan kuɗi kaɗan, daga can suka kwararo Afirka ta Yamma.

Fim ɗin Hausa na bidiyo a kaset ya soma, da Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Cikin shekarun 2000 kasuwa ta koma kan sidi, daga Ƙofar Wambai ana lodi zuwa Katsina da Sakkwato da Damagaram da Agadas, har zuwa zangunan Kumasi da Akara da gidajen Hausawa mazauna Makka da Landan. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma sidi bai yi ado ba. Sai dai arahar nan ita ta ba shi abin da faifan Domesday ya rasa. Tsarinsa ba na kamfani guda ba ne, na'urorinsa sun yawaita, galibin na'urorin DVD suna karanta shi, kwamfuta ma tana buɗe shi ba tare da wata wahala ba. Faifan da aka kashe wa miliyoyi ya nemi taron jami'o'i biyu kafin ya yi magana. Wanda aka saya a bakin titi kuwa yaro na iya kunna shi yau.

Don haka amsar ta rabu biyu, kuma ba daidai wa daida ba. Fim ɗin Indiya ko na Amurka da ke kan sidi, wanda masu shi suka adana asalinsa suka sake fitarwa da kyakkyawan hoto, babu dalilin wahalar da ido a kansa. Wannan ana iya rabuwa da shi. Amma fim ɗin Hausa da aka ɗauka da ƙaramar kyamara, aka tace a wani shago, kamfanin ya watse, kaset ɗin asali ya ci ƙura ko ya ɓace, to sidin da ke hannun mai kallo yana iya zama shi kaɗai ya rage, kamar faifan gorar ruwan nan na 1933. Haka wa'azin malamin da ya rasu, da wasan makaɗin da ba a taɓa ɗauka a situdiyo ba, da bikin gidan da amaryar ta yi jikoki. A cikinsu akwai Hausar shekarun nan, da yayin ɗinkinsu, da titunan Kano kafin a gina gadojin sama. Ko waɗanda aka ɗora a YouTube, da yawa daga irin wannan sidin aka kwafo su, kuma zamansu a can yana hannun mai tashar da kamfanin. Ranar da aka rufe tashar, sun tafi.

Sai dai lokaci ba ya tare da mai ajiya. Faifan da aka buga a ma'aikata ya fi ƙarko. Wanda aka ƙona a kwamfuta, mai launin kore ko shuɗi a ƙasansa, wani siririn rini ne ke riƙe da bayanin, kuma zafi da hasken rana da laima suna cin wannan rini a hankali. Ɓangaren da ake rubuta suna ma ya fi ɓangaren mai ƙyalli rauni, don bayanin yana kwance ne dab da shi. Ƙarzuwa ɗaya a nan ta isa. Na'urorin kuma suna ƙarewa. Kamfanin Pioneer ya daina ƙera na'urar babban faifan lesa a 2009, kuma yawancin ƙananan kwamfutoci na yanzu ba su da wurin sa faifai, sai an sayo na maƙalawa daban.

Aikin ceton kuwa ba ya bukatar jami'a. Fim ɗin da ke kan sidi yana cikin wata jaka mai suna MPEGAV, ana kwafe shi zuwa kwamfuta cikin 'yan mintoci, yadda yake, ba tare da an sake matse shi ba, sa'an nan a ajiye kwafin a wuri biyu daban-daban. Kwalin ko takardar bangon ma ba abin yarwa ba ne, don sau da yawa a jikinta ne ake samun sunan kamfani da na darakta da na 'yan wasa da na mawaƙan da suka rera waƙoƙin fim ɗin.